Ni da Baba a Doron Dutse

Asabar, da dare.

Ƙafafuna na cikin ruwan ɗumi nake wannan rubutu. Mu 9 muka hau dutse yau: Baba, Gwaggo, Yaya da matarsa da yaransu 3, autanmu, sai ni. Wata 2 muna sa rana muna ɗagawa, sai yau Allah ya nufa.

Yaya ne ya tsara tafiyar. Daren jiya ya baje taswira ya yi mana lissafi da ƙa'idar da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotlan, William Naismith, ya fitar a 1892: awa 1 ga kowane kilomita 5, a ƙara awa 1 ga kowane mita 600 na hawa. Hanyarmu kilomita 10 ce zuwa da dawowa, hawan kuma mita 600, awa 3 ke nan. Yaya ya ninka biyu. Ya ce da ƙarti masu jini a jika mutumin yake, mu kuwa muna tafe da ɗan shekara 6 da dattijo mai shekara 68. Sannan ya gindaya sharaɗi: 12 na rana na cika, ko ina muke, juyowa za mu yi.

Ƙarfe 8 muka kama hanya. Awa 2 na farko ba wani labari, itatuwa ne dama da hagu, sai haki da gumi, yara na ta tambayar ko mun kusa.

Muna fitowa daga cikin itatuwan iska ta mare mu. Doron dutsen ya miƙe a gabanmu kamar kunyar da aka ja ta tsakiyar sama, kwari a dama, kwari a hagu, duwatsun nesa sun jeru suna ta dusashewa har na ƙarshe ya saje da gajimare. Wani shaho na shawagi, kuma a ƙasa da mu yake. Ban taɓa ganin bayan shaho yana cikin tashi ba sai yau. Kowa ya yi tsit, har yaran. Nan da nan gumin jikinmu ya koma sanyi, muka zaro rigunan sanyin da muka yi ta mitar ɗauka da safe. Zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi a kowane mita 1,000 da aka hau, ga iska kuma ba abin da ke tare ta a can sama.

Baba ya kira ƙaramin jikansa, ya tsiyaya ruwa kaɗan daga gora a daidai tsakiyar doron. Wani ya gangara dama, wani hagu. Ya ce, “Ka gani? Haka ruwan sama ke rabuwa a nan. Wannan rafinsa daban, wancan ma nasa daban, wataƙila sai a teku za su sake gamuwa.” Yaron ya tsuguna yana kallo har ƙasa ta shanye.

Daga nan sauran suka yi gaba, suna jiranmu a kowace kwana, ni na tsaya baya da Baba. Mutumin nan muna yara da gudu muke bin sa in za mu unguwa, ko waiwaye ba ya yi. Yau in ya yi 'yan taku sai ya tsaya, ya dogara sanda, ya ce wurin nan ya cancanci a kalla. Na san numfashi yake mayarwa. Nakan ce, “Gaskiya ne, Baba, mu kalla,” mu tsaya tare.

Akwai inda hanyar ta tsuke, faɗinta bai fi mutum ɗaya ya wuce a sake ba, gangare ta kowane gefe. Baba ya daɗe yana duban wurin. Can ya ce, “Ke, ba ni hannunki.” Tun da nake ban taɓa jin ya nemi wani ya riƙe shi ba. Na ce, “Ku taka a hankali, Baba, ina riƙe da ku.” Hannunsa na ɗan rawa, riƙon kuwa gam. Muka haye. Ko da hanya ta buɗe bai sake ni ba, ni ma ban zame ba. Mun yi tafiya mai nisa a haka, yana ba ni labarin ƙuruciyarsa da ban taɓa ji ba.

Wajen 11 da rabi hadari ya taso ta yamma. Aka yi walƙiya, Yaya ya shiga ƙirga, a daƙiƙa ta 24 tsawa ta iso. Ƙara na cin kilomita 1 a daƙiƙa 3, wato hadarin na kilomita 8 daga inda muke, mu ne kuma muka fi komai tsayi a wurin. Ga ƙololuwa can muna hange, ba ta fi tafiyar minti 20 ba. Yaya ya ce a juya. Auta ya yi ta magiya a bar shi shi kaɗai ya je ya dawo, Yaya ya ƙi. Ni ma raina ya sosu, amma ina bayan Yaya. Da mun ƙarasa, da a kan hanya ruwa zai riske mu, da Baba, da yara.

Sauka ta fi hawa cin gwiwa. Tsakuwa ta kwashe Gwaggo ta kuje tafin hannu, matar Yaya ta wanke ta manna filasta. Ruwa ya kece muna dab da mota, ƙarfe 3 saura.

Auta har yanzu bai huce ba, ya shige ɗaki. Baba kuwa ya karɓi taswirar a hannun Yaya, ya sa na nuna masa inda muka juyo, ya yi alama da biro, ya ninke ya sa a aljihu. Ɗazu na leƙa, ya yi barci a kan kujera, sandarsa na jingine da gwiwarsa. Bari in je in tashe shi ya koma gado, kada wuyansa ya sage.