Birgin Baba Kofur

Duk wanda ya shigo rumfata a nan Daura, kafin ya tambayi kuɗin komai sai idonsa ya sauka a kan wani birgi, wato ragar jifa ta kamun kifi, da ke rataye a bangon gabas, zarensa ya yi jajaja-jajaja, dalmarsa ta yi baƙi don tsufa. Shekaranjiya ma wani masunci daga wajen Zango ya taya shi, har yana ƙara mini kuɗi. Na ce masa, malam, zaɓi wanda ka ga dama cikin sababbin nan, wannan kam ba na sayarwa ba ne, na Baba Kofur ne. Yau kwana arba'in ke nan da muka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

Sana'ata saƙar kayan su ce: birgi, kalli, homa, gura, da ɗaurin ƙugiyoyin mamari. In na faɗi haka a wani gari sai a yi dariya, wai garin da ruwan da aka fi saninsa da shi rijiya ce, rijiyar Kusugu, me ya haɗa shi da raga? Ba su san madatsar ruwan Daberam ba, ba su san ta Sabke ba. Ba su san ragata tana cin ruwa a Ajiwa da Zobe da Jibiya ba, har 'yan'uwanmu na Nijar suna ƙetarowa ta Kwangwalam su saya. Kuma duk abin da hannun nan ya iya, a gindin tsohon nan na same shi.

Shi kansa Baba ba ɗan masunta ba ne. Ɗan manoma ne daga wani ƙauye a hanyar Sandamu, kuma kafin ya shiga soja bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin bayan gari ba. Da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967 aka shiga ɗibar samari, shi ma ya bi sa'o'insa zuwa Zariya, aka ba su ɗan gajeren horo, sai Legas. Rabonsa ya kai shi runduna ta uku, ta Benjamin Adekunle da ake yi wa laƙabi da Baƙar Kunama, wadda ta yi yaƙinta ta bakin teku: Boni, Kalaba, sannan Fatakwal da ta faɗa hannunsu a watan Mayun 1968. Ba mutum ne mai son ba da labarin yaƙi ba. In samari suka matsa masa wai ya faɗa musu mutum nawa ya harbe, sai ya ɗaure fuska ya ce su je su nemi aikin yi. Amma abu ɗaya yakan maimaita: harsashi bai taɓa razana shi kamar ruwa ba. Ya ga yaran Arewa irinsa sun faɗa daga kwale-kwale da takalmi da bindiga da jakar harsashi, sun nutse a ruwan da bai fi tsayinsu da kamu ɗaya ba.

A can ne, a wani ƙauyen masunta da aka girke su, ya tarar da wani tsoho da ya ƙi gudu, kullum yana zaune ƙarƙashin rumfa yana ɗinkin raga kamar ba a yaƙi a duniya. Ba sa jin harshen juna, sai ɗan Turancin buroka da nuni da hannu. Baba ya riƙa raba abincinsa da shi, shi kuma ya koya masa iyo, ya koya masa jifa, daga baya ya miƙa masa allurar saƙa ta katako. Aka gama yaƙi a Janairun 1970, ya ƙara wasu shekaru a bariki, lokacin da aka zo rage sojoji ya dawo gida da igiya biyu a kafaɗa, da ɓarɓashin ƙarfe a cinyar hagu, da wannan allura. Da ya ce wa mutanen ƙauyensu akwai ƙasar da ruwa ke cika ya janye da kansa sau biyu kowace rana, sai suka ce yaƙi ya taɓa masa kai.

Ni ina ɗan shekara goma sha huɗu na faɗa hannunsa. Gadi yake yi da dare a wani shago kusa da gidanmu, yana tafe da saƙarsa, fitilar ƙwai a gefe, rediyo na magana, shayi a tsohon kofinsa na ƙarfe. Na fara da riƙe masa zare. Sai da na yi wata biyu ban yi komai ba sai naɗa zare a allura, in na naɗa ya yi kauri ya warware ya ce in sake. Horon soja sosai. Ranar da na gama ƙaramin birgina na farko kuwa, na kwana ban yi barci ba don murna, na kai masa da sassafe. Ya karɓa bai ce uffan ba. Ya rataye shi a reshen darbejiya, ya sa babban yatsansa a cikin ido ɗaya ya ja, sai ƙullin ya zame, idon ya buɗe har hannu na iya shiga. Ya sake gwada wani, haka. Ya dube ni ya ce, “Ɗan nan, tarwaɗa ta fi yatsana ƙarfi.” Na ce, “Baba, ai sai a ɗan gyara wurin.” Ya zaro wuƙa ya tsarge shi tun daga kai har ƙasa, aikin mako shida, ya miƙo mini allura. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba. Har na yi kwana uku ban je ba, sai ga shi a ƙofar gidanmu yana ɗingishi, ya kawo wa mahaifiyata ƙarfasa huɗu, ya ce a gaya wa yaron nan hutu ya ƙare.

To bari in faɗi yadda ake birgi na gaskiya, don masu saye su san abin da suke biya. Daga kai ake farawa, inda igiyar hannu take, da 'yan idanu kaɗan. Kana sauka kana ƙari, kuma ƙarin nan shi ne sirrin aikin gaba ɗaya. In ka yi shi da yawa ragar ta yi tattara, ta faɗa ruwa a dunƙule. In ka rage, ba za ta buɗe ba ko da wa ya jefa ta. Ƙirga ake yi, layi bayan layi, kuma ƙirgar Baba nake bi har gobe, ban taɓa rubuta ta a takarda ba. Kowane ido a kan ɗan katakon awo ake ɗaure shi don su zo daidai, kuma kowane ƙulli sau biyu nake zagaya shi, domin zaren nailan santsi gare shi, ƙulli ɗaya ba ya riƙe shi. Wannan zagaye na biyun shi ke cin lokaci, shi ne kuma ke sa birgi ya shekara biyar yana aiki. Saman ragar da siririn zare nake yi don ta yi sauƙin jifa ta kuma nutse da sauri, ƙasan kuma da mai kauri, tunda nan ne ke gogar dutse da kututture. Sannan a naɗe bakin zuwa ciki a yi aljihu, inda kifi ke taruwa in an fara ja. Dalma da kaina nake narkawa in zuba, in auna kowace, in jera su tazara ɗaya. Birgi mai gaba biyu da rabi yakan ci mini kilo uku zuwa huɗu, gwargwadon zurfin ruwan da za a shiga da ƙarfin mai jifan. Shi ya sa nake tambayar mutum inda yake su, in kuma dubi damtsensa, kafin in karɓi kuɗinsa. Daga ƙarshe a jiƙa ta a ruwan bagaruwa. A zamanin zaren auduga don kada ya ruɓe ake yi. Yanzu nailan ba ya ruɓa, amma Baba ya ce farar raga kifi na hango ta, kuma ban ga dalilin musa masa ba.

Duk wannan aikin, mako uku zuwa wata guda, sai mutum ya shigo ya ɗaga, ya juya, ya taɓe baki ya ce ai ya ga irinsa a kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi rabin wannan kuɗi. Irinsa! Ragar inji ce ake sayowa a dila, a yanka ta gunduwa-gunduwa, a harhaɗa da ɗinki, a liƙa mata guntayen ƙarfe a ce dalma ce. Rana ɗaya mutum zai haɗa uku. Ta yi kyau a rataye, ban musa ba. Amma jefa ta ka gani, sai ta faɗi kamar an yar da zane. Wata biyu ƙarfen ya yi tsatsa ya cinye igiyar, ɗinkin ya buɗe, sai ga mai ita ya dawo wurina da ita a buhu yana cewa, “Maigida, a taimaka.” Ina gyarawa, amma ba na rage ko sisi. Araha ba ta ado. Su ma masu kawo mana zare ba su bar mu ba. Akwai wani dillali a Kano da na yi shekaru ina saye a hannunsa, bara ya aiko mini da katan biyu da suka sha rana a sito har suka mutu, ka ja da hannu ya tsinke kamar taliya. Na kira shi ya ce haka kamfani ya kawo. Tun ranar kowane ƙunshi sai na ɗaura shi a ƙusa na ja da ƙarfina kafin ya hau allura.

Na so a ce masu taya ragata sun taɓa ganin Baba yana jifa. Bayan sallar asuba muke fita Daberam a kan kekensa, ni a baya rungume da buhu, hazo bai gama tashi daga kan ruwa ba. Sai ya shiga har gwiwa ya tsaya cik, ya fi minti goma ba motsi, yana kallon inda ruwa ke ɗan kumfa. Ya naɗe igiya a hannun hagu, ya ɗora wani sashe na ragar a gwiwar hannu, ya kama bakin dalma da haƙori. Mutumin da ke ɗingishi a tudu, in ya murɗa ƙugu ya saki birgi sai ka rantse saurayi ne. Ragar ta buɗe a sama da'ira kamar faifai, ta sauka gaba ɗaya lokaci guda, sautinta ɗaya tak. Sannan ya ja a hankali, a hankali, yana sauraren igiyar da yatsunsa. Tun kafin ta fito zai ce maka kurungu ne, ka kula da ƙayarsa, ko ya ce bargi ne. Da wuya ya kuskure.

Kuma bai taɓa yarda da idon da ya gaza yatsa uku ba. Abin da ya fice ta nan, in ji shi, rabon baɗi ne. Wata rana muka tarar da wasu samari biyu suna jan gidan sauro a bakin ruwa, irin wanda ake rabawa kyauta don mata da yara, sun tara 'ya'yan kifi kamar ƙwayar gero cike da bokiti. Ban taɓa jin muryarsa ta soja ba sai ranar. Tsawa ɗaya ya yi, suka ƙame. Ya sa su mayar da abin da ke da sauran rai, ya ƙwace gidan sauron ya kai wa sarkin ruwa. Masu zuba gubar gamalin a tafki kuwa ko gaisuwarsu ba ya amsawa. Har yau ana zuwa a ce in saƙa kalli mai yatsa ɗaya, a ninka mini kuɗi. Ba na yi. Akwai masu yi, ba sai na nuna wa kowa hanya ba.

Iya, matarsa, takan ce ita kishiyarta ba mace ba ce, ruwa ne. Gaskiyarta. Kwana biyu ne kawai a shekara na san ba ya zuwa su bayan ranakun salla: ranar da aka kira su tantancewar fansho, ya dawo da ƙura da ɓacin rai, da ranar 15 ga Janairu ta tunawa da 'yan mazan jiya. Ranar yakan goge takalminsa ya sa tsohuwar hularsa ya tafi Katsina. A 'yan shekarun nan in ya dawo sai ya ƙirga mini da yatsu waɗanda bai gani ba. Kifin da yake kamawa kuwa rabi sadaka ne, gidan marayu na unguwa da matan abokansa da suka riga shi sun san ƙarar kekensa.

Da ido ya fara yi masa rauni ya daina jifa, sai ya koma zuwa rumfata ya zauna a benci, yana shafa aikin yarana da yatsa. Yaro uku nake da su yanzu, kuma sun fi tsoronsa a kaina. Mako biyu kafin rasuwarsa ya aiko jikansa da wannan birgi da allurar katakon nan ta tsohon bakin teku, naɗe a tsumma, ba wani saƙo. Na je na same shi a kwance na ce, “Baba, mene ne na aiko da kaya?” Ya ce, “Akwai ido biyu da suka tsinke wajen aljihu, ka duba.” Na duba, suna nan kuwa. Ban gyara ba tukuna.

Allurar dai tana aiki, da ita nake fara kan kowane birgi kafin in miƙa wa yara. Damina ta kusa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, don haka masu son sabon birgi ko kalli kafin ruwa ya cika su zo tun yanzu a auna su, mu huɗu ne kawai a rumfar. Masu tsohuwar raga su kawo ta a bushe, a inuwa aka shanya ta ba a rana ba. Wanda kuma ya san Baba Kofur, ko a bariki ko a bakin ruwa, in ya biyo ya tsaya mu yi masa addu'a, bencin nasa yana nan inda ya bar shi.