Tauraron da ya koya mini a fara auna nisa

Cikin darussan fizik da nake bayarwa a lise a nan Damagaram, babin haske ne ya fi ƙara mini ilimi, kuma tauraro guda ne sanadi. Sunansa a littattafai Epsilon Tauri. Yana can kusa da Kaza da 'Ya'yanta, cikin gungun taurarin da ake kira Hyades, gefen jan tauraron nan Aldebaran. A watan Disamba da Janairu yakan hau kusan tsakar ka da dare, amma in hazon hunturu ya yi kauri, ga fitilun Zango, sai mai kaifin ido ke tsintarsa.

Masana suna ba hasken taurari lamba, kuma a juye take: ƙaramar lamba ita ce haske mai yawa. A 1856 Norman Pogson ya tsayar da ƙa'idar cewa tazarar lamba 5 daidai take da ninki 100. Ido ba ya wuce lamba 6. Epsilon Tauri yana wajen 3.5, Aldebaran kuwa bai kai 1 ba, ya fi shi haske a idonmu sau goma da ɗoriya.

To amma wannan lamba ba ta faɗin komai game da jikin tauraron. Wanda ya tsaya kan hanyar Mirriya da dare ya san fitilar kabu-kabu da ke kusa takan kashe ido fiye da ta babbar motar da ke can nesa. Epsilon Tauri yana nisan shekarar haske 146 ko kusa da haka, kowace shekarar haske kuwa kilomita tiriliyan 9.46 ce. Da za a kai ranarmu can, lambarta za ta koma wajen 8, ba mai ganinta sai da madubin hangen nesa. Ke nan abin da muke gani dusashe ƙato ne: faɗinsa ya ninka na rana kamar sau 12, haskensa ya ninka nata sau gomomi, alhali zafin fuskarsa, kusan digiri 4,900 a ma'aunin Kelvin, bai kai nata na 5,800 ba.

A nan ne na fi daɗewa da ɗalibai, don nan ne gaɓar. Lissafin sarƙa ne. Launi ke ba da zafi. Hasken da ya iso mana, in an haɗa shi da nisa, shi ke ba da hasken gaskiya. Daga zafi da hasken gaskiya ake fitar da faɗi. Duk abin ya rataya ne ga nisa, shi kuma ana samunsa ta ɗan gocewar da tauraro ke yi a ido yayin da duniya ke kewaya rana. Friedrich Bessel ne ya fara fitar da irin wannan awo a 1838, kan tauraron 61 Cygni. Gocewar Epsilon Tauri 0.022 ce kacal ta daƙiƙar kusurwa, daƙiƙar da sai an raba digiri ɗaya gida 3,600 ake samunta. Shi ya sa aka harba kumbon Hipparcos a 1989, aka bi shi da Gaia a 2013, don auna irin wannan gocewa. Kuskuren kashi 5 cikin ɗari a nisa yakan zama kusan kashi 10 a haske, tunda haske da murabba'in nisa yake raguwa. Tun daga nan na daina karɓar amsar da ɗalibi ya jera wa lambobi shida bayan ɗigo, alhali awon da ya fara da shi biyu gare shi. Kalkuleta ba ta jin kunya, ko me aka ba ta sai ta zubo.

Wata ɗaliba ta taɓa cewa, "Malam, tunda ya kumbura haka, ai ya girmi rana." A'a. Shekarun Hyades kamar miliyan 625 ne, rana kuwa biliyan 4.6. Nauyin Epsilon Tauri ya haura ninki biyu na nata, don haka ya ƙone haidurojin ɗin cikinsa da wuri, ya kumbura, fuskarsa ta huce. Aldebaran ma da ake gani a tsakiyarsu ba ɗan gungun ba ne, yana nisan shekarar haske 65, hanya ce kawai ta haɗa su a idonmu.