Fankar lagireto da abin da na ɗauka daga garejin Oga

Ƙarshen watan nan zan tattara sifanuna in bar garejin da na koyi aiki. Kafin in tafi ina so in bar wa yaran da ke bayana abin da ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Yawancinsa a kan fankar lagireto ne, domin a kanta aka ci mini mutuncin da har yau bai bar raina ba.

Wani malamin makaranta ne ya kawo Golf 3. Ya ce in yana kan hanyar Zariya allurar zafi ba ta gota tsakiya, amma da ya shigo gari ya faɗa cunkoson 'Yankura sai ta fara hawa har ruwa ya tafasa. Wannan bayanin kaɗai ya gama rabin aikin. Mota in tana gudu iskar hanya ce ke ratsa lagireto ta sanyaya ruwan, in ta tsaya kuwa ba ta da mai ceto sai fanka. Na bar ta a silo, allura ta hau, fanka ko motsi. Na je na ce, "Oga, kamar fanka ce ba ta tashi." Bai ko ɗago kai ba. "Kai yaushe ka zo gareji? Gaskit ne. Kwance min tof."

Alamun ƙonewar gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin tof (kan inji) da jikin inji, ba ko ɗaya: ba farin hayaƙi a salansa, baƙin mai bai canza launi ba, ruwan tanki ba ya kumfa. Duk da haka aka kwance tof, aka kai shi aka kankare, aka sa sabon gaskit, malam ya ranto kuɗi ya biya. Ba a rufa mako ba motar ta dawo tana tururi. A gaban malam, a gaban mai shayin bakin gareji da sauran yara, Oga ya nuna ni ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, yaron nan ne ya manta bai mayar da soket ɗin fanka ba." Soket ɗin da ban ko taɓa ba. Na yi shiru, domin yaro ba ya musa wa maigidansa a gaban baƙo. Kallon da malamin ya yi mini ya fi mari ciwo.

Da Oga ya fita, na kira rewayan da ke maƙwabtaka da mu. Fiyus lafiya. Muka zare soket mai ƙafa uku daga suwic ɗin da ke ɗaure a jikin lagireto, muka haɗa ƙafafun da guntun waya, sai ga fanka ta tashi, ƙaramin gudu da babba duka. Ke nan injin fankar da wayoyinta ba su da laifi, suwic ɗin ne ya mutu. Aikinsa bai wuce ya kunna fanka in ruwa ya kai wajen digiri 95 ba. Na hau babur zuwa Ƙofar Ruwa na sayo na Baljiyam a kuɗin da bai kai na gaskit kaɗai ba. Oga ya dawo ya tarar fanka tana tashi tana tsayawa da kanta. Abin da ya ce shi ne, "Ai dama na ce a duba." Malamin kuwa har yau a saninsa ni na ɓata masa mota.

Tun daga nan ba na kwance ko noti ɗaya sai na tambayi mai mota a ina take zafi, a gudu ko a tsaye. Sannan fiyus, sannan rile (ɗan akwatin da ke sakar wa fanka wuta), sannan in ba fankar wuta kai tsaye daga batir in gani. In ta ƙi juyawa ko sai an ɗan buga ta, gawayin cikinta ya cinye.

Akwai inda ake zaluntar suwic ma. Ba ya jin zafin inji, zafin ruwan da ya taɓa shi yake ji. In ruwa ya yi ƙasa, ko tamostat (bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya tsakanin inji da lagireto in inji ya yi zafi) ya maƙale a rufe, inji zai yi zafi lagireto na sanyi, fanka kuma ba za ta tashi ba ko sabon suwic aka sa. Taɓa tiyon ƙasa ka ji. Tsofaffin Toyota irin Starlet nasu a juye yake: ka zare soket, makulli na kunne, fanka ta tashi. Peugeot 206 kuwa kwamfuta ke ba da umarni, kuma rile da rizisto (mai rage wa fanka gudu) suna gaba inda ruwan damina ke dukansu, tsatsa za ka fara nema. In an canza fanka, a sa takarda gaban lagireto a tabbatar ciki take ja, don an sha juya waya. Kada ka sa hannu a fankar Golf don ka ga an zare makulli, takan tashi. Murfin tankin ruwa kuma a bari ya huce kafin a buɗe.

Sai maganar dairek, maganin Oga na kowace cuta: a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka da makulli ta yi ta juyawa. Masu mota suna so, don allura ba ta ƙara hawa. Ba a faɗa musu cewa da sanyin hunturu injin ba zai kai zafin aikinsa ba, zai ƙara shan mai, fankar da aka yi ta don ta huta za ta mutu da wuri, kuma sau da yawa siririyar waya ake ja ba fiyus, wadda in ta goge a jikin ƙarfe sai gobara. A rumfar da zan buɗe, wanda ya ce in yi masa dairek zan faɗa masa kuɗin suwic. In ya ce lallai sai dairek, na san garejin da zan tura shi.