Maganeto ko distiributa: wanne za a bar wa tsohon Farmall H?

Yawancin tantan da ake gani a gonakinmu na dizal ne, ba ruwansu da fulogi, don haka wannan tambaya ba ta taso musu. Ta tsofaffin taraktocin fetur da kananzir ce, irin waɗanda aka ƙera a Amurka daga shekarun 1930 zuwa 1950, kuma har yau ana gyara su ana aiki da su. Farmall H na kamfanin International Harvester, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1953, ya dace da misali, domin akwai masu maganeto samfurin H4, akwai kuma masu distiributa, wato abin da makanikan Nijar ke kira delko. Dukansu wuri ɗaya suke zama a jikin injin, ana iya cire wannan a ɗaura wancan.

Duk wanda ya taɓa buɗe ƙaramin janareta ko babur ya riga ya san tushen maganeto: maganaɗisu ne ke juyawa kusa da koyil, wuta ta samu ba tare da batir ba. Distiributa kuwa ba ya haifar da wuta. Batir ne ke ba koyil wuta, shi distiributa aikinsa yankewa da rabawa ga fulogi huɗu bisa tsarin 1-3-4-2.

Daga nan bambancin halinsu ya fito. Maganeto yana ƙara ƙarfin tartsatsi ne idan inji ya ɗau gudu, a juyin hannu kuwa rauni gare shi. Shi ya sa aka sa masa wani sifirin a bakin tuƙinsa, ana ce masa imfols. Idan kana juya inji a hankali, wani ɗan harshen ƙarfe yana riƙe maganaɗisun, sifirin ya yi ta naɗewa, sai fistin ya kai ƙololuwar sama sannan ya saki, maganaɗisun ya fizga da sauri. Ƙarar "ƙyas" da kake ji ke nan. Amfaninsa biyu ne: yana ba da wuta mai ƙarfi a juyi mai sanyi, yana kuma jinkirta ta don kada inji ya mayar da hendil baya. Da inji ya tashi, gudu yana ture harshen gefe, wuta ta koma zuwa da wuri, kimanin digiri 35 kafin ƙololuwa a H4, kuma a nan take tsayawa ko inji na silo ko yana jan garma. Distiributa yana da ƙananan ƙarafa masu nauyi da sifirin a cikinsa waɗanda ke matso da wutar sannu a hankali gwargwadon gudu, saboda haka silo ɗinsa ya fi laushi.

Raunin distiributa yana wajen tayarwa. Waɗannan taraktoci batir mai bolt 6 gare su, kuma sitata na zuƙe wutar a daidai lokacin da koyil ke bukatarta. Inji zai yi ta juyawa a kasalance ya ƙi kamawa, wani lokaci sai ka saki sitata sannan ya kama. Sau da yawa laifin na waya ne. Bolt 6 yana son kebul mai kaurin babban yatsa, lamba 0 ko 00, ba siririn na ƙaramar mota ba, kuma bakin da ke ɗaure a jikin ƙarfe ya zama a goge yake, babu tsatsa babu fenti.

Ra'ayina a nan a fili yake. Tantan da ke kwana watanni a rumfa daga kaka zuwa damina, wanda dinamonsa ba ya caji sosai ko ma ba shi da batir, a bar masa maganetonsa. Maganeto mai lafiya zai tayar da inji da hendil ko da batir ya mutu murus. Tantan da ake aiki da shi kullum, da fitila da caji mai kyau, musamman idan an mayar da shi bolt 12, distiributa ya fi masa sauƙin sha'ani, don koyil da kwantak (bakunan ƙarfe biyu da ke buɗewa su yanke wuta) da kwandansa ɗinsa (wadda ke hana bakunan ƙonewa) ba su da tsada kuma kowane makanike ya iya su. Abin da ba na goyon baya shi ne a yar da maganeto don kawai wuta ta ɗauke, ba a bincika dalili ba.

Binciken ba shi da wuya. Ka fara da kunne: juya inji a hankali ka saurari ƙyas ɗin nan, sau biyu a kowane zagaye ɗaya na inji. Idan babu, yawanci tsohon mai ne ya daskare ya riƙe harshen, a wanke da kananzir a ɗiga mai marar kauri. Sannan ka cire wayar kashewa daga jikin maganeto ka sake gwadawa, domin idan rigarta ta goge tana taɓa ƙarfe, wuta ba za ta fito ba ko da komai lafiya yake. Bayan haka kwantak. Ajiya tana sa masa wani farin datti da ke hana wuta wucewa. A goge da ƙaramar zarto ta kwantak, a ja farar takarda mai tsabta a tsakani, a saita tazarar a inci 0.013, wato kimanin milimita 0.33. Wannan adadi ba na wasa ba ne. A maganeto dole kwantak ya buɗe daidai lokacin da ƙarfin maganaɗisu ke juyawa a cikin koyil, kuma tazarar ce ke tsayar da wannan lokaci. Idan ka ba shi inci 0.020 irin na distiributa, tartsatsin zai koma ja marar ƙarfi. Wuta mai kyau shuɗiya ce, tana tsallake tazarar milimita 6 da ƙara.

Akwai wata cuta da ke ruɗa mutane. Tantan ya tashi lafiya da safe, ya yi minti ashirin ko talatin yana aiki, sai ya fara tari ya mutu, ya ƙi tashi sai ya huce. Mutum ya kwance kafireta sau uku a banza. Ka gwada wuta nan take yana da zafi. Idan ta ɓace, koyil ne rigar cikinsa ta tsufa, zafi na buɗe tsagar da ke ciki, ko kuma kwandansa. A fara canza kwandansa tunda ita ce mai araha. Wayoyin fulogi kuma su zama masu zaren tagulla a ciki. Na zamani masu baƙin zare suna cinye ƙarfin maganeto.

Wajen ɗaurawa, a kawo fistin na ɗaya ƙololuwa a bugun matsa iska. Cire fulogi ka toshe ramin da yatsa har ka ji iska na turowa, ka daidaita alamar da ke jikin fule, ka tabbata rota, ɗan hannun da ke juyawa yana raba wuta, na kallon wayar silinda ta ɗaya. Sai a karkata jikin maganeto a hankali har imfols ya saki daidai kan alamar. Ya saki a kanta ko ɗan bayanta, kada ya riga ta ko kaɗan, domin wutar da ta zo da wuri ita ke karya hannun mai juya hendil. Shi ma mai juyawar ya ajiye babban yatsansa gefe ɗaya da sauran, ya ja sama, kada ya danna ƙasa.

Kuskure mafi tsada yana wajen makunni, kuma masu sauyawa daga wannan zuwa wancan ne ke faɗa masa. Maganeto ana kashe shi ne ta haɗa wayarsa da jikin ƙarfe. Distiributa ana kashe shi ta yanke masa wutar batir. Makunninsu kishiyar juna ne. Idan ka jona wayar batir a bakin maganeto, koyil zai ƙone cikin ɗan lokaci, maganaɗisun ma na iya raunana. Don haka duk wanda zai sauya, ya sayi makunnin da ya dace tare da kayan.

Mai komawa distiributa ya lura da ƙarfin koyil. Kwantak ba ya son wutar da ta wuce amfiya 4. A bolt 6, koyil ya auna kimanin om 1.5 tsakanin ƙananan bakunansa biyu. A bolt 12, ko dai koyil mai om 3, ko na bolt 6 tare da rezista mai kimanin om 1.5 a gabansa. Idan babu rezistar, koyil zai yi zafin da ba a taɓawa, kwantak ya ƙone cikin kwanaki. Haka ma idan aka manta makunni a kunne inji na tsaye. Tazarar kwantak inci 0.020, ta fulogi 0.025.

Sai bakin koyil. Farmall H na asali, bakin batir mai alamar + ne ke ɗaure a jikin ƙarfe, saboda haka bakin koyil mai + shi ke zuwa distiributa. Idan an sa alternato a madadin dinamo aka juya tsarin, mai alamar − ne zai je. Idan aka juya su inji zai tashi, amma wutar fulogi ta ragu, ya riƙa wahalar tashi da sanyin safiya. Maganeton da aka cire kuma a naɗe shi a ajiye inda babu laima, tare da makunninsa da ƙusoshinsa.