Abin da Lissafin Ƙungiyoyin Ƙwallon Jami'a Ya Nuna Mini a Amurka

Lokacin da nake karatun digiri na biyu a wata jami'ar Amurka da ke rukuni na ɗaya na hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, na yi aikin wucin gadi a ofishin wasanni, inda aka ɗora mini haɗa alƙaluman ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na maza da na mata. Wata dokar tarayya ta shekarar 1994 ta wajabta wa duk jami'ar da ke amfana da tallafin karatu na gwamnati ta bayyana kowace shekara yawan 'yan wasanta da masu horarwa da kuɗin da ta kashe, maza daban, mata daban.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ganin tallafin karatu na mata ya zarce na maza. A tsarin wancan lokacin, ƙungiyar maza ba ta wuce gurbin tallafi 9.9, ta mata kuwa tana da 14, kuma koci na iya gutsuttsura gurbi ɗaya ya raba wa 'yan wasa uku ko huɗu. Sai da na zauna da akawun ofishin na gane cewa tushen abin ba a filin ƙwallon ƙafa yake ba. Dokar Title IX ta 1972 ta haramta nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin tarayya, ita kuwa ƙwallon Amurka da ake bugawa da hular kwano a wancan lokacin tana cinye guraben tallafi 85 na maza a kowace babbar jami'a. Domin a daidaita sikeli, sai a faɗaɗa wasannin mata, a tsuke sauran na maza. Shi ya sa ƙungiyoyin mata a rukuni na ɗaya suka haura 300, na maza kuwa suna 200 da 'yan kai, kuma lokacin da annobar korona ta matse aljihu a 2020, ƙungiyar maza ce Jami'ar Cincinnati ta rufe.

A tamu jami'ar, kuɗin tikiti bai isa ko biyan motar tafiye-tafiye ba. Albashin masu horarwa da tallafin karatu da zirga-zirga su ne suka lashe kasafin, jami'a kuma ke cike giɓin. Babban koci da mataimakansa ne kaɗai cikakkun ma'aikatan ƙungiya. Mai kula da raunuka da mai horar da ƙarfin jiki kuwa ana raba su da wasu wasannin, don haka sai an kasa albashinsu kashi-kashi kafin a rubuta, aikin da ya fi kowanne cin lokaci.

Na kuma koyi karanta jerin 'yan wasa a matsayin takardar kuɗi. Ɗan wasan da ya shigo ba tare da tallafi ba yana biyan kuɗin makaranta cikakke, saboda haka ƙananan jami'o'i suna son jeri mai tsawo. A ra'ayina, a nan ne sulhun 2025 na shari'ar House, wadda 'yan wasan jami'o'i suka kai hukumar NCAA ƙara, ya fi yin ciwo: ya ɗage iyakar tallafin karatu ga jami'o'in da suka shiga tsarin, amma ya ƙayyade jerin ƙwallon ƙafa a kan mutum 28, kuma masu biya daga aljihun iyayensu ne guraben nasu suka fi shiga haɗari.