Kafso ba wankin ciki ba ne

Ɗan wana ya gama cin tsire, sai na ga ya laluba aljihu ya ɓallo kafso biyu, ja-da-rawaya, ya kora da ruwan leda. Na ce, "Kai, me ke damunka?" Ya ce, "Ba komai, Baffa, riga-kafi ne, kada naman ya ɓata min ciki." Na so in yi masa faɗa, bakina ya yi nauyi, don a wurina ya gani.

Haka na yi ta yi lokacin da nake fataucin hatsi a kasuwannin ƙauye. Ciki ya murɗa, Flagyl. Mura ta kama ni, Ampiclox. Wani lokacin lafiyata lau, in sha in ce wankin ciki nake. Har yau ina jin ɗanɗanon Flagyl a baki, kamar ka tsotsi tsohon kwabo. Ba zan ce wauta ce zalla ba. Asibiti da nisa, layinsa ya cinye maka ranar kasuwa, ga mai kemis a bakin tasha yana ƙirga maka daidai kuɗinka. Wa zai bar buhuna a rana? Amma dai ba wanda ya yi min ɗura.

Da gudawa ta ƙi tsayawa, harshena ya yi fari fat, wani kafson na ƙara. Likitan da na je wa daga ƙarshe shi ya ce min da hannuna na jawo. Jikin baligi na ɗauke da bakteriya, ƙananan halittun da ido ba ya gani, kusan tiriliyan 38, a ƙiyasin masu bincike na 2016, mafi yawansu a babban hanji. Su ke sarrafa dusar hatsi da ganyen da ciki ba ya iya narkarwa, su samar da bitamin K, su cike wuri yadda mai cutarwa ba zai samu mazauni ba. Maganin kashe bakteriya kuwa, irin su Flagyl da Ampiclox, bai san na gida da baƙo ba. In ya share na gida, masu cutarwa irin su C. difficile sai su samu fili, gudawa ta ɓarke. Bakteriyar da suka tsira kuma su daina jin maganin, abin da Alexander Fleming, wanda ya gano maganin kashe bakteriya na penisilin a 1928, ya yi kashedi a kai tun 1945. Mura ma bairos ce, wata ƙwayar cuta daban da bakteriya, kafson ko taɓa ta ba ya yi.

Na tanadi nasiha da yawa, amma yaran yanzu wa ke tsayawa ya ji? Waya a hannu dare da rana, ba mai duba abin da yake haɗiya. Kada ka sha sai likita ya rubuta. In ya rubuta kuma ka sha yadda ya ce, kada ka je kana cewa Baffa ya hana, don taifod ba ta jin zogale. Ni kaina akwai sauran Flagyl a akwatina, ban zubar ba, wannan ba ruwanka. Ka ci wake da rama da tuwon dawa, ka rage lemon kwalba. Ka sha kindirmo, amma ka tambaya ko an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, don ɗanya na iya ɗauko maka wata cutar.