Wargaza silindar ƙofa da koyon buɗe ta ba mabuɗi

Ina buɗe makullai don sha'awa, a kan tebur, kuma waɗanda na saya da kuɗina. Abin da na tabbatar a wannan harka shi ne, wanda bai taɓa wargaza silinda, wato tagullar makulli mai ramin mabuɗi, ya ga cikinta ba lalube kawai yake yi. Yana iya dacewa kwado mai arha ya buɗe masa, amma ba zai iya faɗin dalili ba, gobe ma ba lallai ya maimaita ba. Shi ya sa nake sa wargazawa gaba da buɗewa.

Makullin da nake magana a kai shi ne mai fil, irin wanda Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a Amurka a 1861 da 1865, bayan ya gyara ƙirar mahaifinsa ta shekarun 1840 ya sa mata siririn mabuɗi mai haƙora. Shi ne a yawancin ƙofofinmu da kwadunanmu yau. Akwai gida na tagulla, a cikinsa akwai zuciya, wato ɓangaren da mabuɗi ke shiga ya juya. An huda ramuka biyar ko shida a jere, sun ratsa daga gida zuwa zuciya. Kowane rami na ɗauke da abu uku: fil na ƙasa wanda mabuɗi ke taɓawa, fil na sama, sai sifirin da ke danne su. Idan babu mabuɗi, fil na sama yana tsaye rabi a gida rabi a zuciya, ya tokare. Mabuɗin gaskiya yana ɗaga kowane fil daidai yadda mahaɗar na ƙasa da na sama za ta zo kan iyakar zuciya da gida, sai zuciya ta juya. Tazarar ƙanana ce ƙwarai. A makullan kamfanin Schlage na Amurka zurfin yankan mabuɗi mataki goma ne, tsakanin mataki da mataki milimita 0.38.

Kwado mai arha ba na wargazawa ba ne, don an toshe ramukansa daga waje ko an ɗaure shi da ƙusa. Silindar ƙofa nake saye, mai gefe ɗaya idan na samu. Mai gefe biyu, wadda ake sa mabuɗi ta ciki da ta waje, ta fi wahala, domin rabin da ke baya yana tare hanya, sai an riƙa cusa gajerun guntayen sanda ɗaya bayan ɗaya ta gibin tsakiya.

Kayan aikin ba su da yawa: hantsaki, ƙaramin sukundireba, guntun kwali da aka ɓare fuskarsa ɗaya layukan ciki suka fito, da sanda mai santsi wadda kaurinta ya yi daidai da na zuciya. A silindoji da yawa kaurin ya kusa milimita 12.7, rabin inci ke nan, amma a auna kafin a fara. Sandar nan ita ce komai, don ita ke maye gurbin zuciya ta riƙe fil na sama da sifirin a cikin gida. Idan ta sirance, fil na sama zai leƙo ya maƙale. Ina shimfiɗa farin ƙyalle a cikin faranti mai baki in yi aikin a kai, saboda sifirin idan ya yi tsalle ya faɗi ƙasa da wuya a sake ganinsa.

Da farko nakan zare zoben ƙarfe mai buɗaɗɗen baki da ke bayan zuciya, mabuɗi yana waje tukuna. Daga nan in sa mabuɗi in juya kamar kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ramukan sifirin suna sama. Wannan juyi ba a tsallake shi. Idan aka ja zuciya a miƙe, ramukanta za su bi ta ƙarƙashin ramukan gida, fil na sama ya faɗa ramin da ba nasa ba, komai ya cije. Ba a kuma juyawa rabin zagaye, domin a nan buɗaɗɗen ƙasan hanyar mabuɗi ke fuskantar fil na sama, sai su zubo ciki. Sai in manna sanda a bayan zuciya in tura, sandar ce ke fitar da zuciya, ba ja nake yi ba. Gibi ko kaɗan tsakaninsu ya isa sifirin ya tsunduma ya lanƙwashe.

Zuciya na fitowa nakan ɗora yatsa a kan ramukan, in duba. Da mabuɗin gaskiya a ciki, kan kowane fil yana daidai da fatar zuciya, babu wanda ya leƙo, babu wanda ya nutse. Ganin wannan da ido ya fi dogon bayani. Sai in zazzage su ɗaya ɗaya, kowanne a layinsa a kwali, daga na bakin hanya zuwa na can ciki, don tsawonsu ya bambanta, idan suka cakuɗe mabuɗi ba zai juya ba. Na sama kuma ina janye sanda a hankali, rami ɗaya a lokaci ɗaya, hantsaki na jiran fil kafin sifirin ya harba shi. Wani lokaci a tarar da ɗan siririn faifai tsakanin fil biyu. Alamar makullin da mabuɗi biyu ke buɗewa ke nan, na ɗaki da babban mabuɗin gini.

Amfanin wahalar nan shi ne in mayar da makullin da rami ɗaya kawai a cike, don in fara koyon buɗewa da fil ɗaya. Sauran ramukan a kwashe su tas, fil biyu da sifirin. Wanda ya bar sifirin shi kaɗai, zuciya za ta tauna shi. Wajen mayarwa, sifirin ke fara shiga, a ɗora fil na sama, a danna da hantsaki, a turo sanda ta hau kansa. Idan ramukan duka za a cika, a fara daga na tsakiya a yi waje ta gefe ɗaya, sannan a juyo ɗaya gefen, don hantsaki ya riƙa kaiwa. Fil na ƙasa kuwa bakinsa mai tsini ke kallon mabuɗi. A gwada mabuɗi kafin a mayar da zobe, amma wajen zare shi a danne fuskar zuciya da babban yatsa, in ba haka ba za ta biyo mabuɗi waje.

Kayan buɗewa biyu ne, ƙugiya mai ɗaga fil da ƙarfen juyi mai matsa wa zuciya juyi. Ƙarfen juyi nakan lanƙwasa shi daga siririn ƙarfen da ke cikin tsohuwar waifar mota. Ƙugiya mai kaurin milimita 0.6 ta wadatar a hanya mai faɗi, matsattsiyar hanya kuwa sai mai 0.4 zuwa 0.5. A goge ta da sanfefa mai laushi har ta yi sumul, domin ƙugiya mai kaushi tana gogar bango ta ɓoye abin da fil ke gaya wa hannu.

Dalilin da ya sa buɗewa ke yiwuwa shi ne babu injin da ke huda ramuka a layi ɗaya cif. Idan aka ɗan matsa wa zuciya juyi, fil ɗaya ne ke fara cijewa. Shi ake nema. Da fil ɗaya a makulli nakan koyi jin cijewar da ɗan ƙas ɗin da ke biyo baya, sannan in ƙara na biyu, na uku, har biyar, kuma ba na ƙarawa sai na iya faɗin wanne na taɓa ido a rufe. Fil mai tsalle a ƙarƙashin ƙugiya lokacinsa bai yi ba, a wuce shi. Mai tauri shi ne na ɗagawa, a hankali. Wanda ya zauna, wato an ɗaga shi daidai iyaka, na samansa ya hau gefen zuciya, na ƙasan ya zama sako-sako, babu nauyin sifirin a kansa.

Yawancin matsala daga ƙarfen juyi take. Matsin da ake so bai wuce na danna maɓallin waya ba, idan farce ya fara fari a kan ƙarfen to an wuce gona da iri, duk fil za su cije tare, ƙugiya ta lanƙwashe. Matsala ta biyu ita ce ɗagawa fiye da kima, har fil na ƙasa ya haye iyaka ya tokare da kansa. Alamarsa ita ce komai ya yi laushi, babu mai cijewa, makulli kuma bai buɗe ba. A sassauta juyi kaɗan kaɗan har a ji ya faɗo.

Makullai masu kyau suna da fil na sama mai siririn ƙugu kamar kalangu. Zuciya takan juya sosai har mutum ya zaci ya gama, sai ta tsaya cak, don ƙugun ya maƙale a iyaka. Idan aka tura fil ɗin da ya jawo haka, ƙarfen juyi zai turo yatsa baya. A bar shi ya koma, ana ci gaba da ɗagawa, har gindin fil ya haye. Wasu da suka zauna za su faɗo, a sake bin su.

Baƙin mai ko man girki ba ya shiga silinda, ƙurar hunturu za ta haɗu da shi ta zama danƙo ta riƙe fil. Garin bakin fensir kaɗan ya isa.

Dokoki biyu masu wannan sha'awa ke riƙewa, ni ma ina kansu: ba a taɓa makullin wani sai da izininsa, ba a kuma gwaji a makullin da ake amfani da shi, ko da na ƙofar gidan mutum ne, domin karyayyen bakin ƙugiya ko tauyayyen sifirin na iya hana mabuɗin gaskiya ma aiki. Kayan kuma a gida suke zama, ba a yawo da su a aljihu.